A kati "ciwon baki" kawai ake rubutawa: yaya ake siffanta abin da aka gani a cikin baki?

Nafisa_Mafara: Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya gare ni ga likitocin haƙori da ke zauren nan. A ƙananan asibitocinmu in mutum ya zo da matsala a cikin baki, abin da ake rubutawa a kati bai wuce "ciwon baki" ko "ƙurji a baki" ba, sai magani. In an tura shi Gusau, wanda ya karɓe shi ba shi da yadda zai san abin ya ƙaru ne ko ya ragu. Akwai tsarin da ake bi wajen siffantawa? Sannan kalmomin nan na makaranta, makul, fafiyul, nodul, besikul, bula, har yanzu suna cakuɗe min wajen awo. Wani malami ya ce milimita 5 ne iyaka, wani ya ce santimita 1. Wanne za mu ɗauka?

Dakta_Bello_Gusau: Wa alaikumus salam Nafisa. Kafin ki nemi sunan abin, amsa tambaya ɗaya tukuna: a shafe yake daidai da naman da ke kewaye da shi, ya tashi, ko ya lotsa? Duk kalmomin nan daga nan suka rabu.

In launi kawai ya canza, kika shafa da yatsa ba ki ji tudu ba, makul ke nan. In ya yi faɗi ya wuce santimita 1 sai a kira shi faci. In ya tashi, sai tambaya ta biyu: nama ne a ciki ko ruwa? Ƙaramin tudu na nama shi ne fafiyul, wanda ya fi shi girma kuma ya nutsa cikin nama shi ne nodul. Wanda ya ɗan tashi amma samansa a baje, faɗinsa ya fi tsayinsa nesa ba kusa ba, shi ne filak. Masu ruwa kuwa, ƙaramin bororo besikul, babban bula, in mugunya ce a ciki fastiyul. Masu lotsawa biyu ne kuma su aka fi rikitawa. Akwai zaizayewa, inda saman fatar bakin ne kawai ya saluɓe, wurin ya yi ja amma ba rami. Akwai gyambo, inda fatar ta tafi gaba ɗaya har naman ƙasa ya bayyana, shi ya sa za ki ga ƙasansa rawaya ko toka-toka. Tsaguwa mai tsawo, irin ta kusurwar baki, ita kuma daban ce.

Kabiru_Kaura: Batun awo, duk malaman naki gaskiya suka faɗa. Littattafan ne ba su daidaita ba. Na cututtukan baki da yawa suna yanke iyakar besikul da bula a milimita 5, haka fafiyul da nodul. Na cututtukan fata da yawa suna yankewa a santimita 1. Mafita ita ce kada ki dogara da sunan shi kaɗai. Rubuta "bororo mai milimita 7" ko "tudun nama 8 × 6", duk makarantar da mai karantawa ya yi zai gane.

Nafisa_Mafara: Na gode Yaya Kabiru. To da me ake awon, tunda rula ba ta shiga lungun baki?

Kabiru_Kaura: Da tsinken awon dasashi, wanda ke da zanen milimita a jikinsa. Ki kwantar da shi a gefen ciwon, ki ɗauki tsawo mafi nisa, sannan faɗi a gicciye, in ya tashi ki ƙara tsayi. Inda babu tsinken, a zana milimita da biro a gefen katakon danne harshe daga rula kafin a sa a baki, in an gama a jefar. Kada a ja kunci da ƙarfi lokacin awo, naman yana miƙewa sai ciwon ya fito ya fi ainihin girmansa, in an dawo aka auna a sake sai a zaci raguwa ya yi.

Aminu_Tsafe: Ni dai ina ganin a ce "kamar ƙwayar gero" ko "kamar gyaɗa" ya fi sauri. Kowa ya san girmansu.

Dakta_Bello_Gusau: Malam Aminu, wajen yi wa mara lafiya bayani babu laifi. A kati kuwa ba ya aiki. Gyaɗa wata ta fi wata. Gyambon da ya tashi daga milimita 8 zuwa 12 cikin mako uku, da fari da ƙarshe duk "kamar gyaɗa" za a kira shi, alhali wannan ƙaruwar ita ce babban labarin da ake nema.

Haj_Rabi_Nas: Ku bar ni in sa baki kan farin abu, don shi ne ke yawan zuwa mana wajen jarirai da tsofaffi. Duk farin da kika gani a baki, 'yata, ki ɗauki gozi, wato ƙyallen bandeji, busasshe ki goga kafin ki rubuta komai. Sakamakon gogewar nan dole ya shiga kati: "yana gogewa" ko "ba ya gogewa". In ya goge ya bar ja a ƙasa, wani lokaci da ɗan jini, ya fi kama da kandida, wato cutar funfuna ta baki. In ya goge ƙasan lafiya lau, nono ne ko abinci. Akwai kuma farin da ke saluɓewa a kunci ko dasashi daidai haƙorin da ke ciwo. Ki tambaya ko an ɗora ƙwayar asfirin a wurin. Mutane suna yi sosai, ƙuna ce, kuma tana warkewa da kanta in an daina.

Dakta_Hadiza: Allah ya saka da alheri Hajiya. Bari in ɗora a kan naki, domin a nan ne ake yawan sa suna inda bai dace ba.

Lukofilakiya ba sunan kowane farin abu ba ne. Tun ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 1978, ana nufin farin faci ko filak da ba a iya danganta shi da wata cuta sananniya ba. Wato sai an kore sauran tukuna. Kuma kalmar ba ta faɗi abin da ke cikin naman, madubin ɗakin gwaji ne ke faɗin wannan. Saboda haka kafin hannu ya rubuta ta, a bi waɗannan. A miƙe kuncin: in farin hazo-hazon nan ya ɓace da miƙewa, lukodima ce, ta zama ruwan dare ga baƙar fata kuma ba cuta ba ce. A duba ko farin layi ne miƙaƙƙe a kunci daidai inda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, wannan gogayya ce kawai. A duba ko zane-zane ne sirara masu sarƙa a kunci biyu, dama da hagu, wannan ya fi kama da laikin filanus, wata cutar fata da baki mai daɗewa. A duba ko akwai karyayyen haƙori da ke gugar wurin. A tambayi garin taba, don masu ajiye shi a lungun leɓe farin yakan fito daidai inda suke ajiyewa, da yamutsewa. Farin da ke gefen harshe mai layuka a tsaye, ba ya gogewa, yana sa a yi tunanin raunin garkuwar jiki, a ba da shawarar gwajin ƙanjamau cikin sirri da mutunci.

In duk an kore, sai a siffanta samansa: fari ne sumul iri ɗaya, ko da ɗigo-ɗigon ja a ciki, ko da ƙuraje-ƙuraje. Wanda ya gauraya da ja ya fi haɗari. Jan faci kuwa mai laushi da ba a san dalilinsa ba, wato eritirofilakiya, bai kai farin yawa ba amma ya fi shi muni. Mafi yawansu in an yanka an gwada ana samun ƙwayoyin sun lalace sosai, ko ma dajin ya riga ya fara.

Baba_Sani_Anka: Dakta, ku yi muna bayanin baƙi kuma. Wanga yanki namu tun abin da ya faru na gubar dalma a 2010, Anka da Bukkuyum, da yara ɗaruruwa sunka rasu, duk wanda ya ga dasashin yaro da baƙi sai hankalinai ya tashi. Ana cewa dalma tana yin layi ga dasashi. Ƙaƙa mutum zai rarrabe shi da baƙin halitta?

Dakta_Hadiza: Baba, tambayarka tana da muhimmanci. Baƙin halitta launin ƙasa-ƙasa ne ko baƙi, a baje, yawanci a tsakiyar dasashin gaba, dama da hagu kusan iri ɗaya, kuma tun ƙuruciya yake nan bai canza ba. Layin dalma siriri ne, shuɗi-shuɗi zuwa toka, yana bin bakin dasashi daidai inda ya rungumi haƙori. Dalmar da ke jini ce ke haɗuwa da sinadarin da ƙwayoyin cutar dattin haƙori ke fitarwa, shi ya sa an fi ganinsa ga manya masu dattin haƙori, ba kasafai ake ganinsa ga ƙananan yara ba. Don haka rashin layin ba ya wanke yaro. Yaron da ke gidan da ake niƙa dutsen zinariya, gwajin jini ne zai faɗi gaskiya, ba dasashi ba. A kati a rubuta launin, faɗin layin, da haƙoran da ya bi.

Kabiru_Kaura: A ƙara da jan goro da na taba. Waɗannan a kan haƙori da saman harshe suke zama, ba cikin nama ba. Sannan ɗan baƙin makul kusa da haƙorin da aka cike da ƙarfe, galibi ɓurɓushin cikon ne ya shiga nama. Wanda ake tsoro shi ne baƙin da ya fito sabo a ganɗa ko dasashin sama, gefensa ba daidai ba, launinsa ba iri ɗaya ba, yana faɗaɗa.

Aminu_Tsafe: Duk na ji, amma a faɗi gaskiya. Mutum ɗaya ne a ɗakin duba marasa lafiya, layi har waje, ga masu zazzaɓi ga masu awon ciki. Wa ke da lokacin rubuta shafi guda kan ƙurjin baki?

Dakta_Bello_Gusau: Ba shafi ba ne Malam Aminu, layi uku ne. Ga misali: "Gyambo ɗaya, gefen harshe na hagu, daidai turmi na 36 (turmin farko na ƙasa a hagu). Milimita 12 × 8. Gefensa ya tashi ya naɗe, ƙasansa ja da fari, yana da tauri in an matsa, ba zafi sosai. Wata biyu. Kaluluwa ɗaya mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙin hagu." Wannan rubutun bai kai minti biyu ba, kuma duk likitan da ya karanta zai sa mutumin a gaban layi. Kwatanta shi da "ciwon baki, a ba da maganin kurkure".

Abin da ke ciki: wuri, adadi, girma, launi, gefe, sama, abin da yatsa ya ji, da tsawon lokaci. Ka lura ban rubuta "daji" ba. Siffa ake rubutawa. In ka rubuta sunan cuta kuma ba ita ba ce, ka ɓatar da na gaba, ka kuma tayar da hankalin iyali. In ka rubuta siffa, ko ba ka san cutar ba rubutunka yana da amfani.

Nafisa_Mafara: Dakta, "tauri in an matsa" ɗin nan fa? Yaya ake gane shi?

Dakta_Bello_Gusau: Ki sa safar hannu, ki kama ciwon tsakanin babban yatsa da manuniya, ki matsa a hankali daga lafiyayyen nama ki shigo ciki. Gyambon yau da kullum laushinsa ɗaya da naman gefensa. Wanda ake tsoro za ki ji ƙasansa da kewayensa sun ƙage, kuma taurin ya wuce inda ido ke gani. Ki gwada motsa shi: yana zamewa a kan naman ƙasa ko ya manne? A ƙasan baki da hannu biyu ake yi, yatsa ɗaya a ciki, ɗayan hannun a ƙarƙashin haɓa yana turowa sama. Harshe kuma a kama bakinsa da gozi a jawo shi waje a juya dama da hagu, domin can bayan gefen harshe, da ƙarƙashinsa, da ƙasan baki, nan ne dajin baki ya fi fitowa, kuma nan ne "buɗe baki ka ce aa" ba ya nunawa.

Kalmomin taɓawa kaɗan ne: laushi, ƙarfi irin na nama, tauri, taurin ƙashi, da mai ruwa a ciki. Na ƙarshen, ki sa yatsu biyu a gefe biyu ki danna tsakiya, in ruwa ne za ki ji ya turo yatsunki.

Haj_Rabi_Nas: Kuma kada garin jawo harshe a ga halitta a firgita. A can bayan harshe akwai manyan ƙuraje jere kamar harafin V, kowa yana da su. A gefen harshe ta baya ma akwai 'yan ninke-ninke ja. Haka ɗan tudun da ke kunci daidai turmin sama na biyu, bakin bututun yawu ne. In an ga abu a dama, a duba hagu. In yana nan iri ɗaya, galibi halitta ce.

Maryam_Shinkafi: Ni abin da ke damuna yara ne. Besikul ɗin da ake ta faɗa, ba a cika ganinsa a bakin yaro ba, kullum gyambo ake tararwa.

Dakta_Hadiza: Haka ne Maryam. Bororo ba ya daɗewa a baki, tauna da motsin harshe suna fasa shi cikin sa'o'i. Abin da ya bari ake gani. Shi ya sa ake tambayar uwa ko ta ga ruwa-ruwa kafin ya fashe, ana kuma duba gefen gyambon ko akwai ragowar fata. Sauran aikin wuri da adadi ne ke yinsa. Yaro mai zazzaɓi, dasashi duk ya kumbura ya yi ja, ƙananan gyambuna birjik a ko'ina har leɓe, yana dalalar da yawu, wannan kamun farko ne na ƙwayar hafis, wani bairos mai fitar da ƙananan bororo. Gyambo ɗaya ko biyu ko uku, zagayayye, ƙasa da santimita 1, ƙasansa rawaya da jan zobe a gefe, mai zafi, a cikin leɓe ko kunci ko ƙarƙashin harshe, wannan afta ce, tana warkewa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tabo. Babbarta ta wuce santimita 1, tana ɗaukar makonni, tana barin tabo. Afta ba ta fara da bororo, kuma ba ta cika fitowa a ganɗa mai ƙashi ko dasashin da ya manne ba. Hafis mai dawowa kuwa nan ne wurinta, a tattare wuri ɗaya. Kin ga in ba a rubuta wuri ba an zubar da rabin amsar.

A lokacin ƙyanda kuma a duba kunci daidai turame: 'yan ɗigo-ɗigo farare ƙanana a kan ja, suna fitowa kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen jiki.

Maryam_Shinkafi: To ga wanda ya fi ci min rai, cutar noma, mai cinye naman baki da fuskar yara. A yankinmu ba baƙo ba ne, kuma a matakin farko "ciwon baki" ɗin nan da Nafisa ta faɗa shi ake rubuta masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi mataki-mataki daga 0 zuwa 5: kumburin dasashi, sai dasashi mai ruɓewa, sai kumburin fuska, sai mutuwar nama, sai tabo, sai nakasar da ya bari. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ya fi kamawa, masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya kamata a gani a kati: tsinin dasashin da ke tsakanin haƙora ya cinye ya lotsa, da toka-tokar fata a kai, yana jini da an taɓa, baki yana wari mai tsanani. In kunci ya kumbura ya yi tauri, ko an ga wurin ya fara duhu ta waje, ba a jira gobe. Daga kumburi zuwa ɓulewar kunci kwanaki ne kawai. A matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Asibitin yara masu cutar noma na Sakkwato yana nan tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Baba_Sani_Anka: Hakanan na, ɗiyata. Kuma warin nan a riƙa rubuta shi, kada a ji kunya. Shina cikin alamu. A sa nauyin yaron da awon damtse kusa da shi, wanda za ya karɓa ya san da wa yake aiki.

Usman_Eksire: Ba wanda ya taɓo hoton ƙashi, kuma can ma kalmomin ne ke raba gardama. Wurin da ya fito baƙi a hoto, ƙashi ya ragu ke nan ko nama ko ruwa ya maye gurbinsa. Wanda ya fito fari, abu mai tauri ne. Akwai mai gauraye. Bayan launi sai a faɗi ɗaki ɗaya ne ko ɗakuna da yawa, irin wanda ake kira kumfar sabulu. Sai gefe: a fili yake har da farin layi da ya zagaye shi, ko ya dushe ba a san inda ya tsaya ba? Mai farin layi yawanci a hankali yake girma, ƙashi ya samu lokacin yi masa katanga. Mai dusasshen gefe ko ciwo ne mai ruruwa ko abu mai cin ƙashi da sauri. Sai abin da ya yi wa haƙora: ya ture su, ko ya cinye saiwarsu? Sai dangantakarsa da haƙori: a ƙarshen saiwa yake, ko ya rungumi kan haƙorin da bai fito ba?

Kuskure biyu da ake yawan yi. Na ɗaya, ramin da jijiya ke fitowa a muƙamuƙin ƙasa, kusa da saiwar haƙora na 4 da na 5 in an ƙirga daga tsakiyar gaba, ana ɗaukarsa ciwo. Na biyu, baƙin da ke fitowa a ƙarshen saiwar haƙoran gaba na ƙasa ga mata baƙar fata masu matsakaitan shekaru. Haƙoran nan da ransu, ba sa ciwo, abin daga baya fari yake komawa da kansa. In ba a gwada ran haƙorin ba sai a cire jijiya ko a cire haƙori a banza. Don haka a rubuta "baƙi a ƙarshen saiwa, milimita kaza, haƙori da rai" ko "ba rai". Kada a rubuta "sist", wato jaka mai ruwa a cikin ƙashi, daga hoto kawai, hoto ba ya rarrabe sist da tarin naman kumburi.

Dakta_Bello_Gusau: Madalla Usman. A haɗa da abin da hannu ya ji a kumburin muƙamuƙi: ƙashin ya buɗe ta waje kawai ko har ta ɓangaren harshe, yana da taurin ƙashi ko yana ɗan ƙara in an danna saboda ya yi siriri, haƙora suna girgiɗi, kuma leɓen ƙasa ya mutu ko yana ji. Kumburin bayan muƙamuƙin ƙasa da ya shekara yana girma ba zafi, da ɗakuna da yawa a hoto, amelobilastoma, wani ƙari na ƙashin muƙamuƙi, ake fara tunani. Yaro kuwa da fuskarsa ta kumbura cikin makonni kaɗan, haƙora suna girgiɗi ba tare da ruɓewa ba, a yi tunanin dajin Burkitt a tura shi nan take. Kada a tsaya cire haƙoran.

Kabiru_Kaura: Mu koma kan tudun nama, akwai kalma biyu da ba a faɗa wa Nafisa ba. Tudu ko dai mai faɗin gindi ne, ya zauna daram, ko mai wuya ne, yana lilo a kan siririn gindi. Ki zagaya gindin da tsinke za ki gane. Samansa kuma sumul ne, ko mai tsaga-tsaga, ko mai 'yan yatsu-yatsu, ko ya gyambace. Misali jan tudu mai wuya a dasashin mai juna biyu, yana jini da an taɓa, sananne ne kuma yakan ragu bayan haihuwa. Shuɗin kumburi mai laushi a cikin leɓen ƙasa, yana fashewa yana dawowa, yawu ne ya taru. Irinsa a ƙasan harshe ya fi girma. Ɗan ƙurjin dasashi mai fitar da mugunya kuma bakin hanya ne kawai, mataccen haƙori ne a ƙasa, shi za a nema.

Dakta_Hadiza: Ƙari kan ja da shuɗi: a danna da gilashin gwaji mai tsabta. In launin ya gudu ya dawo da an saki, jini ne a cikin jijiyoyi. A rubuta "yana gudu in an danna", kuma irin wannan ba a tsaga shi, ba a kuma yanka shi a ƙaramin asibiti, jinin ba zai tsayu da sauƙi ba. In bai gudu ba, ko jini ne ya kwanta a nama ko launi ne. Ɗigo-ɗigon ja masu yawa a ganɗa da dasashi mai zubar jini ba dalili, a duba jini.

Wanda kuma aka yanka don gwaji, a sa shi nan take cikin fomalin, ruwan maganin adana nama, mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman aƙalla sau goma. Ba ruwan gishiri ba, ba busasshen gozi ba. Kuma wannan siffar da muke ta magana a kai ita za a kwafa a takardar da ke raka kwalbar. Mai duba madubi ɗan yanki kawai yake gani, bai ga bakin ba.

Aminu_Tsafe: To ba sai a ɗauki hoto da waya a tura ba, a huta da rubutu?

Usman_Eksire: Hoto yana taimako amma ba ya ɗaukar tauri, ba ya ɗaukar wari, fitilar waya kuma tana canza launi. In za a ɗauka, a nemi izinin mai shi, a busar da wurin da gozi, a sa tsinken awo a gefe ya fito a hoton, a ɗauki ɗaya daga nesa kaɗan don a gane wurin, ɗaya daga kusa. Kada fuska ta fito, kada a sa suna, kuma likitan da zai karɓa kaɗai za a tura wa, ba zaure irin wannan ba.

Nafisa_Mafara: Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya: gyambon da ba a tabbatar ba, kwana nawa za a jira kafin a tura?

Dakta_Bello_Gusau: In akwai dalili a fili, kamar kaifin karyayyen haƙori, a goge kaifin ko a cire haƙorin, a auna, a ba da mako biyu. In ya dawo bai warke ba, a tura.

Kabiru_Kaura: Wasu ƙa'idojin mako uku suke cewa, Dakta. Babbar afta ma takan wuce mako biyu, kada a cika Gusau da masu afta.

Haj_Rabi_Nas: Ku da ke gardamar biyu da uku, ku tuna mutumin da ya taso daga ƙauye mai nisa, ga kuɗin mota ga halin da hanya take ciki. In an ce ya dawo bayan mako biyu, da yawa ba za su dawo ba sai abin ya hana su cin tuwo. Ni a ganina wanda ya ce ciwon ya riga ya yi wata, ya gama jiransa tun a gida.

Dakta_Hadiza: Ina tare da Hajiya a nan. Lissafin daga ranar da ciwon ya fara ne, ba daga ranar da aka gan shi ba. Kuma jiran na gyambo mai laushi ne. Mai tauri, mai naɗaɗɗen gefe, wanda ya manne, mai kaluluwa mai tauri, ko jan faci a ƙasan baki, ranar da aka gan shi ranar ake rubuta takarda, Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, duk wanda ya fi masa sauƙin kaiwa.

Aminu_Tsafe: Shi ke nan. Amma tsinken awon dasashin nan ba kowane ƙaramin asibiti ke da shi ba. Yaya Kabiru, wanne za a saya, mai zane a kowace milimita ko mai tsallake?

Kabiru_Kaura: Mai zane a kowace milimita har 15. Mai tsallaken yana sa a yi ta kintace. A sayi biyu ko uku don ɗaya yana tukunyar dafa kayan aiki ana amfani da ɗaya.